Santimita Huɗu

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan jirgi ɗaya. Lokacin da aka ba ni shi ko suna ba shi da shi, Lamba Tara muke ce masa, saboda shi ne na tara cikin manyan jiragen yaƙin da kamfaninmu ya ƙera wa sojan ruwa a bakin kogin Hugli. Shekaruna talatin da takwas a lokacin, babu furfura ko ɗaya a kaina, kuma mahaifiyata tana raye.

Sunana Tahmina Molla, aikina kuwa nauyi. A ofishin zane kowa da abin da yake zanawa, wannan injuna, wancan bututai, wani ɗakunan kwanan sojoji. Ni ba na zana komai. Duk abin da zai hau jirgi, tun daga injin da ya kai girman shago har ƙusar rataye tawul, sai ya biyo ta teburina na san nauyinsa da inda za a kafa shi. Jirgin tan dubu shida ne, amma jimillar ba ta cika damuna ba kamar tsayin da nauyin yake zaune. In kaya suka yi yawa a sama, ranar da teku ta kwantar da jirgi gefe ɗaya zai yi nawar tashi, in kuma an huda shi ruwa ya shiga, mai yiwuwa ba zai tashi ba. Inda nauyin jirgi gaba ɗaya ya taru muke kira cibiya. Tun ranar farko aka ja mata layi, aka ce ga iyakar inda za ta hau, aka bar mini 'yar rara tsakaninta da layin. Shekara da shekaru ina gadin rarar nan, kowa kuma yana zuwa yana gutsura.

Mai irin wannan aiki ba ya farin jini. Mutum zai shigo da fara'a yana kirana yaya da yarenmu, "Didi, kilo ɗari biyu ne fa kawai," ya fita yana ƙunƙuni. Masu walda a fili Uwar Sikeli suke ce mini, matasan a bayan idona, tsofaffin da suka san mahaifina kuma a gabana, don shi ma walda ya yi a nan har idonsa ya mutu. Ban yi aure ba. An yi maganar sau biyu, sau biyun ta watse, daga nan jinyar mahaifiyata ta cinye sauran shekarun. Ƙanena yana Bangalor da iyalinsa, yana bugo waya ranar Lahadi in ya tuna.

Mutum ɗaya ne a kamfanin da zan iya cewa nawa ne, Biman Ghoshal, shugaban sashen lantarki. Ya girme ni da shekara goma, Biman-da nake ce masa, wato yaya Biman. Shekara goma sha tara muna cin abincin rana tare a kan wani benci a ƙarshen baranda, inda ake hango kogi. Matarsa, da nake kira Boudi, takan ƙara yankan kifi ɗaya a kwanonsa saboda ni, shi kuma ya shanye mini rabin miyar wake. In azumi ya kama yakan zo ya zauna bai buɗe kwanon ba, ya yi ta karanta mini labaran ƙwallo daga jarida, ni da ban san komai a ƙwallo ba, sai na tashi sannan ya ci.

"Ku masu ƙarfe kwano kawai kuka ƙera," haka yake tsokanata. "Miyar tamu ce."

Kuma gaskiya ya faɗa. Gangar jikin da kowa ke ɗaga kai yana kallo ita ce mafi araha, duk da ƙarfen na musamman ne, sai an ɗumama shi kafin a yi masa walda, bangwayen kuma duk a jirkice aka kafa su don na'urar radar ta abokan gaba ta zame a kansu. Cikin rupi biliyan hamsin da aka ware wa jirgin, kusan kashi biyu cikin uku na kayan ciki ne, makamai da na'urori da wayar lantarkin da in aka miƙe ta za ta haura kilomita ɗari huɗu. Wayar nan duka a hannun Biman-da take.

A shekara ta goma sha ɗaya, jirgi yana kan ruwa ana ƙarasa cikinsa, sai sojan ruwa suka aiko cewa na'urar radar da aka tsara masa tun farko ta tsufa kafin a ɗaura ta, sabuwa suke so. Shugaban aikin, Kwamanda Bhandari, tsohon soja ne da ya ajiye kaki bai ajiye muryar fareti ba. Ya tara mu a ɗakin taro.

"Madam Molla, ƙarin tan goma sha ɗaya ne kacal. Jirgin tan dubu shida. Ai ko ji ba zai yi ba."

"Yallaɓai, mita talatin sama za a ɗora shi, a kan hasumiya. Zai ɗaga cibiya santimita huɗu. Biyu suka rage mini."

"To ki nemo sauran biyun."

"Ba ni da inda zan samo su."

"A zuba dalma a gindi mana," in ji mai kula da injuna.

"Tan arba'in," na ce masa. "Jirgi ya ƙara nutsewa, gudunsa ya ragu. Kai da bakinka ka ce da ƙyar injinka zai kai gudun da aka rubuta a kwangila."

Ya mayar da kai kan takardunsa. Wani daga ƙarshen tebur ya ce a sake hasumiyar da alminiyam.

"Yana tsagewa in teku ta yi ta lanƙwasa shi," na ce, "in wuta ta kama kuma ya narke a kan 'ya'yan mutane. Sojan ruwa sun hana mu shi a rubuce."

Bhandari ya cire tabarau ya ajiye. "To ke me kike so?"

Na ce a cire hasumiyar ƙarfe a sa ta zaren kabon, irin wadda ake saƙawa a daskarar da ita da danƙo, nauyinta bai kai rabin na ƙarfe ba. Ba a yin mai girman da muke buƙata a ƙasar tukuna, sai an yo odarta daga waje. Wata goma sha ɗaya, kuɗin kuma zai haura rupi biliyan ɗaya.

Kowa ya san kowane wata na jinkiri akwai tarar da kamfani zai biya, in aka biya tara kuma babu zancen kuɗin biki da ake ba ma'aikata kafin Puja, babban bikin shekara a ƙasarmu.

"Akwai rarar da aka ware wa jirgin don nan gaba," in ji Bhandari. "Ki taɓa wannan."

"Ta mutanen da za su yi shekara talatin a cikinsa ce, yallaɓai. Ba zan sa hannu ba."

Labari ya riga ni sauka ƙasa. Washegari da na shiga kanti shan shayi, ina ajiye kofina a tebur mata biyu na sashen bututai suka tuna suna da aiki. A fili wani ya zana mace da alli a jikin falankin ƙarfe, sikeli a hannunta, hancinta kamar bakin shaho. Mofijul-chacha, wato baffa Mofijul, tsohon mai walda, abokin mahaifina, ya tare ni a bakin ƙofa.

"'Yar Molla, zo nan. Santimita huɗu nawa ne?" Ya ware babban yatsa da manuni. "Kamar haka? A kan ɗan wannan abin mutum dubu uku za su shiga biki hannu Rabbana?"

"Ba ni na ƙara nauyin ba, Chacha."

"Haka ubanki yake, in ya kafe ko da guduma ba ya lanƙwasuwa." Ya tofar da jan yawun ganyen da yake tauna. "Amma shi a kansa kaɗai take ƙarewa."

Biman-da ya zo benci kwana uku bai ta da maganar ba. A rana ta huɗu ya rufe kwanonsa bai gama ci ba.

"Mina, watan Maris zan ajiye aiki."

"Na sani."

"Shekara talatin da shida. Jirgi huɗu na yi, ban taɓa tsayawa wurin miƙa ko ɗaya ina shugaban sashe ba. Wannan ne nawa. Lissafinki kullum da tsoro a cikinsa, ke ma kin sani, kowane abu sai kin ƙara masa kaɗan don kada a ce. In aka auna jirgin nan da gaske za a samu biyun nan har da canji."

"In an auna an samu, a ranar zan sa hannu."

"In ni na roƙe ki fa?"

Na kalli kogi. Wani kwale-kwalen yashi yana fama da ruwa, mutum biyu suna tura shi da gora.

"Kai ma kada ka roƙe ni, Biman-da."

Ya ɗaure kwanonsa a tsumma, ya ce Boudi tana gaishe ni, ya tafi. Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Na ci gaba da zuwa bencin ni kaɗai, don ban san wani wurin zama ba. Puja ta zo aka ba mutane rabin abin da aka saba. Kwana biyar na hutu na yi a gida ina jin ganguna daga unguwannin maƙwabta, na wanke labule, na sake wanke su.

Biman-da ne ya ba Bhandari shawarar a gaggauta gwajin jirkita jirgi, wanda a ƙa'ida sai an kusa gamawa ake yi. Aka jira damina ta ɗauke. Wata Lahadi da sassafe a Nuwamba, babu iska ko ta kaɗa tuta, aka sassauta igiyoyi aka fitar da kowa. Mu goma sha biyu muka rage, kowa an ɗora shi a sikeli, an nuna masa inda zai tsaya kada ya motsa. A saman jirgi an jera dunƙulen ƙarfe huɗu masu tan ashirin-ashirin. Injin ɗaga kaya zai ɗauke su daga wannan gefe zuwa wancan, jirgi ya ɗan jirkice, mu kuma a ƙasa mu karanta yadda wata siririyar waya mai dalma a baki ta kauce daga tsakiya. Da wannan ake gane inda cibiya take da gaske, ba a takarda ba.

Ni ce a wayar tsakiya, a gindin wani rami da ya ratsa hawa huɗu, a durƙushe gaban kwanon baƙin man da dalmar ke nutse a ciki don kada ta yi ta lilo. Ban taɓa jin jirgin ya yi shiru haka ba. Babu guduma, babu ƙarar walda, har ina jin ruwa yana lasar ƙarfe daga waje. Sau takwas aka motsa nauyin. Tun a na uku na san akwai matsala, don wayar tana kaucewa fiye da yadda littafina ya ce za ta yi.

Kwana biyu muna lissafi, muka maimaita sau uku. Cibiyar ta fi abin da na rubuta tsayi da santimita biyar. Wato ko ba a ɗora sabuwar na'ura ba, jirgin ya riga ya haye layin. Kuma ya fi nauyin da ke littafina da tan arba'in da biyar.

"Kin ci nasara, Madam," in ji Bhandari, fuskarsa ba alamar wasa. "Za a yo hasumiyarki. Yanzu sai ki faɗa mini yadda tan arba'in da biyar suka hau jirgina mai gadin ƙofa ba ta gani ba. Na ba ki mako uku."

Babu wanda ya zo ya ce mini ashe da gaskiyarki. Da cewa ake taurin kai gare ni, yanzu kuma aka koma cewa ashe ma ba ta iya aikin ba.

Mako biyu na yi ina bin jirgin ɗaki-ɗaki da tocila da awo. Na auna kaurin bango, na ƙirga gadaje, na sa aka kwance ƙofa aka ɗora a sikeli. Komai yana fitowa daidai, ko ya ɗan gaza. Wata rana a hawa na sama, kusa da ɗakin da ake ba da umarnin yaƙi, na zauna a kan wani akwati don ƙafata ta gaji, na ɗaga kai. Wayoyin lantarki ne a jere a rufi, dami-dami, kamar yadda suke ko'ina. Shekara nawa ina wucewa ƙarƙashinsu. Sai a ranar na ga sun yi mini kauri.

Na je sito na ce a yanko mini mita ɗaya daga ragowar. A littafina mita ɗaya na irinta kilo ɗaya ne da giram ɗari biyu. Sikeli ya ce ɗaya da ɗari bakwai. Mai sito ya buɗe mini tsofaffin takardu. Shekara shida baya aka canza yawancin wayoyin hawayen sama zuwa wata iri mai rigar ƙarfe, wadda ba ta hayaƙi mai guba in ta ƙone. Canji ne mai kyau, zai ceci rai wata rana. Amma akwai takardar da shugaban sashe zai cika ya aiko wa sashen nauyi duk sanda aka yi irin haka, kuma ba ta taɓa isowa teburina ba.

Nawa laifin ma na gan shi a take. Ƙa'ida ce na auna samfurin kayan kowane sashe sau ɗaya a shekara. Shekarar nan ce mahaifiyata take kwance, daga asibiti nake zuwa aiki. Na tuna na tambayi Biman-da a benci ko wayoyinsu suna nan yadda suke, ya ce suna nan, yana cire ƙayar kifi. Ban auna ba. Bayan ta rasu ma ban auna ba, shekara biyar a jere. Na auna na kowa, nasa ne kaɗai na ɗauka yadda ya ba ni.

Ranar Lahadi da la'asar na hau bas zuwa gidansu a Behala, guntun wayar a jakata. Boudi ce ta buɗe.

"Lale, lale! Yau wace rana? Ke da kika guje mu. Dubi yadda kika rame, ba kya cin abinci ne? Kai, fito ga Mina!"

Ya fito da singileti, jarida a hannu. Da Boudi ta shiga ɗora shayi sai na ciro wayar na ajiye a tebur tsakaninmu, na faɗa masa abin da sikeli ya ce. Ya ɗauka ya jinjina ta a hannu.

"Na cika takardar," ya ce. "Na tuna na cika ta. Makon bikin 'yata ne, na sa ta a aljihun tebur na ce in na dawo…" Ya ajiye wayar a hankali. "Ban aiko ba."

Mu duka mun san abin da ke gaba. Kwamitin bincike a wurinmu yakan yi shekara uku yana zama, kuma wanda sunansa ke gabansu ba a sallamarsa, ba a fara biyansa fansho, sai dai ya yi ta zarya da fayil a hammata. Mun ga waɗanda suka mutu a cikin zaryar.

"Me za ki rubuta?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ki rubuta gaskiya mana," ya ce, amma tabarma yake kallo. "Ke da kika saba."

Boudi ta shigo da shayi da soyayyen garin wake, tana faɗa a kan tsadar kifi. Na sha, na yaba, ta ƙulle mini alewar madara a ganye. Shi ko ƙofa bai rako ni ba.

Kwana huɗu na yi a kan rahoton, shafi uku. Na rubuta cewa ƙarin nauyin daga canjin wayoyi ne, kuma sashen nauyi bai auna samfurinsu ba tsawon shekara shida, saɓanin ƙa'ida. Na ba da shawarar daga yanzu duk nadin wayar da ya shigo kamfani a ɗora shi a sikeli tun a bakin ƙofa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Takardar da ta kwana a aljihun tebur ce ban ambata ba.

Bhandari ya karanta a gabana, ya koma shafi na biyu ya sake karantawa.

"Babu wanda ya sanar da ke an canza?"

"Aikina ne na auna, yallaɓai, ko an sanar ko ba a sanar ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Shi ma so yake a rufe maganar aiki ya ci gaba, mutum ɗaya da ya amsa laifi kuma ya fi kwamiti sauƙi.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Sai da suka bari na gama lissafin sabuwar hasumiya, da na dalma tan talatin da yanzu ba makawa sai an zuba, wanda ya ci wa jirgin ɗan gudu sojan ruwa suka haƙura. Ina miƙawa aka ba ni takardar gargaɗi da ta sauyin wuri. Aka mayar da ni ƙaramin filin kamfani a tsallaken kogi, inda ake ƙera jiragen ja, masu jan manyan jirage, da kwale-kwalen sintiri. Har yau ban tabbatar ko daidai na yi ba. Wani lokaci ina ganin na yi wa aboki abin da ya kamata, wani lokaci kuma ina ganin sau ɗaya a rayuwata na sa hannu a takardar da ba ta cika ba.

Na ɗauka zai zo, ko ya bugo. A watan Maris aka yi masa liyafar sallama, na gani a allon sanarwa na je. An rataya masa furanni har haɓa, Bhandari ya yi jawabi. Da idonmu ya haɗu sai ya haɗa tafukansa daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo, ya juya ga na kusa da shi. Boudi ta rungume ni ta raɗa mini, "Wai me ya haɗa ku? Na tambaye shi ya ce aiki ne." Na ce mata aiki ne. Da ƙaramar Salla wayata ta yi ƙara sau biyu, lambarsa ce, kafin na goge hannu na ɗauka ta katse. Na kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

Sabon wurin babu laifi. Jiragen ƙanana ne, a mako guda nake gama nauyin ɗaya. Mutanen suna gaishe ni da ladabi, sun ji labarina, ba sa tambaya. Kullum da safe ina hawa jirgin fito na ƙarfe bakwai da rabi, da yamma na dawo da na biyar.

Bayan shekara ɗaya da rabi, wata Talata da safe, muna tsakiyar kogi sai kwale-kwalen 'yan sanda ya tare mu, aka ce mu dakata. Direba ya rage wuta. Mutane suka fara tsaki suna duba agogo. Sannan Lamba Tara ya fito daga bayan kwana, jiragen ja biyu suna rakiyarsa, toka-toka, ya fi duk ginin da ke bakin ruwa tsayi. An ba shi suna, an rubuta masa lamba a gaba, sojoji cikin fararen kaya sun yi sahu a samansa. Ban san ranar ce zai tafi ba. Ba wanda ya faɗa mini.

Fasinjoji suka yo gefe ɗaya har kwandasta ya fara ihu a koma.

"An ce biliyan hamsin," in ji wani mai jakar ofis. "Da asibiti nawa za a gina da wannan?"

"In aka zo ta ruwa aka kwashe asibitin naka fa?" in ji wani tsoho mai lema.

"Wa zai zo? Kifi?"

Aka yi dariya. Ni ina kallon alamomin awo da ke jikinsa a bakin ruwa. Ruwan yana daidai inda na lissafa. Hasumiyar tana nan, ban taɓa ganinta ba sai a zane, sumul, ko ɗinkin walda ɗaya babu. Da ya isa kwanar ƙasa ya karya, sai ya ɗan kwanta. Na ƙirga a zuciyata. Ya miƙe kafin na kai shida.

A gefena wata mata ce mai tallan furanni, kwandonta a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta girme ni, haƙoranta biyu na gaba babu.

"Didi, ɗanki yana ciki ne?" ta ce. "Na ga bakinki yana motsi."

"A'a. Na yi aiki a kansa."

"Ke?" Ta kalle ni daga gyale har takalmi. "Wane wurin kika yi? Nuna mini."

Na ɗaga hannu, na rasa inda zan nuna. "Nauyinsa nake aunawa," na ce.

"Wannan ƙaton? A wane sikeli?" Ta fashe da dariya, ta taɓa ta kusa da ita. "Kin ji, wai ita ke auna shi!"

Sai igiyar ruwan da ya bari ta iso mu. Jirgin fito ya ɗaga ya faɗa, wata yarinya ta ƙwalla ƙara, kwandon ya zame na take shi da ƙafa. Matar ta cafke damtsena da hannu biyu tana kiran sunayen allolinta. Ruwa ya lafa, direba ya ƙara wuta, amma ba ta sake ni ba. Hannunta yana da zafi da kaushi, yana ƙanshin furen da take saƙawa. Ta riƙe ni har muka isa gaɓa, tana ba ni labarin yadda ta tsani ruwa shekara arba'in tana tsallaka shi, da surukarta da ba ta iya dafa shinkafa ba.

Da aka jefa igiya na taya ta ɗora kwandon a kai. Ta sa mini albarka, ta bi hagu wajen kasuwa. Ni na bi dama. Na makara da minti ashirin, mai gadi ya miƙo mini littafi na sa hannu.